Ido Ya Yarda, Saura Kunne: Fashin Baƙi Kan Kayan Sauti na Gilashin VR

A watan Oktoban 2024 kamfanin Meta ya fito da Quest 3S a kan dala 299, gilashin VR, wato na'urar da ake ɗaurawa a fuska ta nuna wa mutum duniyar kwamfuta kamar yana cikinta. Masu saye suka juya shi gaba da baya suna neman ramin soka iyafis, ashe ba a yi masa ba. Kafin nan, a Fabrairun 2023, Sony ya saki PlayStation VR2 a kan akasin wannan tsari: ramin iyafis yana nan, har da iyafis ɗin a cikin kwali, amma ko lasifika ɗaya babu a jikin gilashin. Apple ya zo da Vision Pro a 2024 a kan dala 3,499, ya dasa ƙananan lasifikoki biyu a jikin maɗaurin kai, rami kuwa babu. Shi kuma Bigscreen Beyond, mai nauyin gram 127 kacal, bai zo da abin sauraro ko ɗaya ba, maɗaurin da ke da lasifika daban ake sayensa.

In batun ido ne, bakin kamfanonin nan kusan ɗaya ne: a ƙara kaifin hoto, a faɗaɗa abin da ake gani, a rage nauyi. Da an zo kan kunne sai kowa ya kama gabansa. Wannan rashin jituwa shi ya buɗe kasuwar kayan ƙari, daga maɗauri mai lasifika, da iyafis mai gajeriyar igiya, da hedifon da ake maƙalawa a gefe, har zuwa rigar da ke jijjiga ƙirji idan an yi harbi a cikin wasa. Kowane kwali da irin alkawarin da aka rubuta a jikinsa.

Abin da kwalayen ba sa faɗa shi ne, dabarar da ke sa ka ji taku a bayanka ko kukan tsuntsu a saman kanka ba a cikin hedifon take ba. Tana cikin manhaja, da na'urar da ke bin motsin kai, da kuma surar kunnenka. Aikin abin da ka saya ɗan kaɗan ne, sai dai ba ya karɓar kuskure: ya isar da sautin dama da na hagu tsaf, a kan lokaci, kuma kada ya takura maka. Wanda ya gane haka zai huta da ɓarnar kuɗi mai yawa.

Yadda kunne ke gano inda sauti ya fito

Quest 3 yana nuna wa ido faɗin digiri 110 daga dama zuwa hagu. Ragowar da'irar da ke kewaye da kai, fiye da kashi biyu cikin uku, ba ka ganin ta sai ka waiwaya. Kunne ba shi da wannan iyaka. Shi ya sa masu tsara wasanni suke amfani da sauti wajen juya kan ɗan wasa: a buɗe ƙofa ta hagunsa, ya waiga, ya ga abin da ake so ya gani. In ya waiga ya ga wayam, sautin yana wani wuri abin yana wani wuri, to ƙwaƙwalwa ta gano dabo ake yi mata, kyan hoton kuma ba zai cece shi ba.

Idan wani ya ƙwala maka kira daga hannun dama a tsakiyar kasuwa, muryarsa tana riga isa kunnen dama. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, tsakanin kunnuwan biyu kuwa bai wuce taƙi guda ba, saboda haka ratar ba ta ko kai milisakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Mafi tsawonta wajen 0.6 zuwa 0.7 na milisakan ne. Duk da ƙanƙantarta, ƙwaƙwalwa tana auna ta. Alama ta biyu kuma, shi kansa kan mutum yana tare sauti, kunnen da ke can ɓangaren sai ya samu ragowa. Lord Rayleigh, masanin fiziks ɗan Ingila, ya haɗa waɗannan biyun a 1907. Sauti mai kauri, wanda girgizarsa ba ta kai sau 1,500 a daƙiƙa ba, yana kewaye kai cikin sauƙi, don haka da ratar lokaci ake gane inda ya fito. Siririn sauti kuwa kai yana tare shi, sai a gane shi da bambancin ƙarfi.

Sai dai waɗannan alamu dama da hagu kawai suke rarrabewa. Sautin da ke daidai goshinka, da wanda ke daidai ƙeyarka, da wanda ke tsakar kanka, duk a tare suke isa kunnuwan biyu, da ƙarfi ɗaya. A nan fatar kunne ke shigowa. Lanƙwashe-lanƙwashen nan da lungunan da ke jikinta aiki suke yi. Kafin sauti ya shiga rami ya doki dodon kunne, sai ya bugi waɗannan lunguna, wasu siraran sassansa su ƙaru, wasu su dusashe, kuma yadda hakan ke faruwa ya danganta da ɓangaren da sautin ya fito. Kafaɗu da ƙirji ma suna da nasu hannun. Jimillar wannan canji da jiki ke yi wa sauti shi masana ke kira HRTF. Manhajar VR tana riƙe da ma'auninsa na ɗaruruwan kusurwoyi. In tsuntsu ya sauka a saman hagunka ta baya a cikin wasa, sai ta ɗauki kukansa, ta yi masa canjin da kunne zai yi masa in da gaske daga can ya fito, ta aika kala ɗaya zuwa dama, wani kalar zuwa hagu.

To, kunnen wa aka auna? Sau da yawa na mutum-mutumi. Akwai wani mai suna KEMAR da kamfanin Knowles ya ƙera a 1972 don gwajin na'urorin taimakon ji. A 1994 Bill Gardner da Keith Martin na jami'ar MIT a Amurka suka ajiye shi a ɗakin da ba ya amsa-kuwwa, da makirfo a cikin kowane kunne, suka auna sauti daga kusurwa 710, suka saki sakamakon kyauta a intanet. Masu bincike da masu manhaja sun daɗe suna cin moriyarsa. Tun kafin nan ma, a ƙarshen shekarun 1980, Elizabeth Wenzel ta cibiyar Ames ta hukumar NASA da injiniya Scott Foster sun samar da wata na'ura mai suna Convolvotron, wadda ke iya ajiye sautuka huɗu a wurare daban-daban a kewayen mai sauraro yana motsa kansa. Lissafin da ya buƙaci na'ura ta musamman a lokacin, yau wani ɗan kaso ne na aikin da gilashi irin Quest 3S ke yi.

Matsalar ita ce kunnen mutum-mutumi ba naka ba ne. Fatar kunnen kowa da surarta, ƙwaƙwalwar kowa kuma da nata kunnen ta saba tun yarinta. Sauraro da ma'aunin wani kamar sanya gilashin ido ne na wani: ana gani, amma abubuwa ba su zauna daidai ba. Sai ka ga mutum uku sun gwada na'ura ɗaya, wannan ya rantse tsuntsun yana sama, wancan ya ce a bayansa ya ji shi, na uku ma ya ce a cikin ƙoƙon kansa yake kuka. Babu ɗaya daga cikinsu da hedifon mai tsada zai yi wa magani, don ba daga nan ciwon yake ba. Sony ya san da haka, shi ya sa da PlayStation 5 ta fito a 2020 aka ba mai ita ma'auni biyar ya zaɓi wanda ya fi kusa da kunnensa. Apple kuma tun 2022 yake bari mutum ya haska kunnuwansa da kyamarar gaba ta iPhone, a lissafa masa nasa.

Wani bincike da aka yi a garin Nijmegen na ƙasar Holan a 1998 ya nuna abin ba shi da tsauri kamar yadda ake zato. Paul Hofman da abokan aikinsa suka cika lungunan kunnen mutum huɗu da wani abu da ya canza surarsu, suka bar shi har tsawon makonni shida. A ranar farko mutanen suka kasa bambanta sama da ƙasa, ko da yake dama da hagu ba su rikice musu ba. A hankali ƙwaƙwalwa ta koyi sabon kunnen. Da aka cire abin, nan take suka koma ji da tsohon kunnensu ba tare da sake koyo ba. Awa ɗaya a rana cikin VR ba daidai yake da makonni shida dare da rana ba, amma dai ya isa hujjar kada mutum ya yanke hukunci a daren farko ya ruga kasuwa.

Abin da ya fi ceton VR shi ne motsin kai. Hans Wallach ya nuna tun 1940 cewa da ɗan juya kai mutum ke warware rikicin gaba da baya. In sautin yana gabanka ka juya dama, zai koma kunnen hagu. In a bayanka yake, zai koma na dama. Da iyafis na wayar hannu na yau da kullum wannan ba ya yiwuwa, don in ka juya, makaɗan gaba ɗaya sun juya tare da kai. Gilashin VR kuwa ya san inda kai ya fuskanta a kowane lokaci. Na'urar da ke cikin gilashin Oculus Rift sau 1,000 take auna motsi a daƙiƙa. Sautin sai ya tsaya a wurinsa, kai ne kake juyawa. A kan wannan ake ƙara amon ɗaki, wanda da shi kunne ke gane nisa da faɗin wuri, da ko akwai bango tsakaninka da mai magana. Manhajoji irin Steam Audio na Valve da Resonance Audio na Google, duka na 2017, wannan aikin suke yi.

Daga nan amsar tambayar ko hedifon ɗin 'yan gem zai ƙara wa VR wani abu ta fito. Hedifon ɗin 'yan gem da aka rubuta wa 7.1 a kwali ba shi da abin da zai ƙara wa VR. Abin da yake yi shi ne kwaikwayon lasifikoki bakwai da na duma guda a kewayen mutum, ta hanyar yi wa sauti irin wancan canjin. In manhajar VR ta riga ta yi nata, shi kuma ya sake yin nasa a kai, an dagula lissafin. Wanda ke da irinsa ya kashe wannan maɓallin. Tun PlayStation VR na farko a 2016 haka abin yake: iyafis na yau da kullum mai dama da hagu, a soke a jikin igiyar gilashin, shi ke ba da cikakken sautin. Wani ƙaramin abu kuma da ke ɓata komai shi ne sanya na dama a hagu. A waƙa da wuya a lura. A VR duk abin da ke dama zai yi ta kira daga hagu.

Jinkiri

A nan gizo ke saƙar ga masu son rabuwa da igiya. John Carmack, wanda ya shugabanci ɓangaren fasaha na Oculus, kamfanin VR da ya koma ƙarƙashin Meta, ya yi bayani a 2013 cewa in ana so mutum ya kasa lura da jinkiri, tsakanin motsa kansa da canjin hoto kada ya wuce milisakan 20. Masu ƙera gilashi sun yi shekaru suna fafutukar cim ma wannan. Sai mutum ya ɗauko iyafis ɗinsa na Bluetooth ya haɗa, wanda jinkirinsa yakan kama daga milisakan 150 zuwa 300.

A ɗauki milisakan 200 a yi lissafi. A wannan ɗan lokaci sauti yana cin tafiyar kusan mita 70. Ke nan ka tafa hannu a gaban fuskarka, ƙarar ta iso a lokacin da za ta iso in da daga mita 70 aka tafa. Gilashin da ke sauya hoto sau 90 a daƙiƙa ya riga ya nuna hotuna 18 kafin kunne ya ji abin da ya dace da na farko. In kuma ka juya kai kwata na da'ira a cikin rabin daƙiƙa, sautin zai biyo ka a baya da digiri 36, ya ja ƙafa sannan ya koma mazauninsa. Wato motsin kai, wanda shi ne babban abin da VR ke taƙama da shi, jinkiri ya mayar da shi abin da ke tona asirin dabon.

Ba ƙeta ce ta sa Bluetooth jinkiri ba. Sai an matse sautin an rage girmansa, a yanka shi gunduwa-gunduwa, a aika ta iska, iyafis ya tara wasu a ajiye don kada waƙa ta tsinke in wani ya ɓace a hanya, sannan ya warware, na dama da na hagu kuma su jira juna. Ga shi zangon da yake bi, na 2.4 GHz, cike yake da Wi-Fi da sauran na'urori. A kallon bidiyo a waya ba ka lura, saboda wayar tana riƙe hoton kaɗan ya jira sauti. VR ba shi da wannan dama, don bai san abin da hannunka zai yi nan gaba ba. Wasan Beat Saber, inda ake saran akwatuna daidai da bugun kiɗa, yana da wurin daidaita jinkiri. Wannan zai iya haɗa kiɗan da isowar akwatunan, amma ƙarar saran da ka yi ba ta da yadda za ta riga saran. Ƙari a kan haka, yawancin iyafis na Bluetooth da zarar an kunna makirfonsu sai su koma tsarin kiran waya, sauti ya haɗe wuri ɗaya ya dusashe.

Masu kasuwa sun samo hanyar kewaye. Maimakon Bluetooth, sai a haɗa iyafis da wani ɗan dongul da ake sokawa a ramin caji, su biyun su yi magana kai tsaye. Soundcore VR P10 na kamfanin Anker, wanda ya fito a 2022 da amincewar Meta, irin wannan ne. Kamfanin ya ce jinkirinsa wajen milisakan 30 ne, tafiyar sauti ta mita 10 ke nan, abin da yawancin mutane ba za su damu da shi ba. Dongul ɗin ma yana da rami a bayansa don a ci gaba da caji. Apple ya bi tasa hanyar: AirPods Pro na biyu masu ramin USB-C, waɗanda suka fito a Satumban 2023, suna magana da Vision Pro a zangon 5 GHz ba tare da an matse sautin ba. Masu tsohon samfurin mai ramin Lightning, duk da suna ɗaya ne, ba su samu wannan ba.

Igiya ita ce ba ta da wannan ciwon kai kwata-kwata, kuma a ganina iyafis mai igiya na kuɗi kaɗan ya fi na Bluetooth mai tsada amfani a VR, nesa ba kusa ba. Aibinta ɗaya ne, tsawo. Igiyar iyafis na waya takan kai mita 1.2, don an yi ta ne ta sauka har aljihu. A VR ramin yana gefen kunne, ragowar sai ta yi ta reto, hannu ya ɗauko sara ya fizge ta. Oculus Quest na farko, na 2019, an yi masa rami biyu, ɗaya a kowane gefe, don kowane kunne ya samu 'yar gajeriyar igiyarsa. Logitech ya fito da G333 VR a 2020 da igiya daidai tsawon da Quest 2 ke buƙata. Wanda ba shi da irin waɗannan, ya naɗe ragowar igiyar ya ɗaure a jikin maɗaurin kai, an wuce wurin. Mai gilashin da ba shi da rami kuwa sai ya nemi adafta ta USB-C, ya tabbatar tana da nata ɗan guntun da ke mayar da lambobi sauti, don masu arahar da ba su da shi ba lallai su yi aiki ba. Ya kuma tuna wannan ramin shi ne na caji, batirin Quest kuwa bai cika wuce awa biyu zuwa biyu da rabi ba. Adafta mai baki biyu ita ce mafita.

A toshe kunne ko a bar shi a buɗe

Oculus Rift na 2016, mai dala 599, ya zo da hedifon ɗinsa a maƙale, a sauke shi a kan kunne da yatsa ɗaya. HTC Vive, wanda ya fito a shekarar a kan dala 799, iyafis kawai aka jefa a kwalinsa, sai mai shi ya sanya gilashi ya shiga duhu sannan ya fara laluben kunnuwansa. A 2017 HTC ya sayar da gyaran daban: Deluxe Audio Strap, maɗauri mai tauri da hedifon a jiki, a kan dala 100. Daga nan aka shiga tseren rage farashi, kunne kuma shi aka fara yanka wa kaso. Oculus Go na 2018 ya ɓoye ƙananan lasifikoki a jikinsa, sautin yana bin hannayen maɗauri ya fito kusa da kunne. Rift S na 2019 ya bi irin wannan salo, waɗanda suka saba da tsohon Rift suka yi ta ƙorafi. Suna da gaskiya. Ƙaramar lasifika da ke nesa da kunne ba ta iya tura iskar da sauti mai kauri ke buƙata, sai fashewar bam ta fito ba duma.

Masu amfani ba su zauna jiran kamfani ba. Suka riƙa ciro maɗaurin HTC suna haɗa shi da Quest na Oculus ta hanyar 'yan robobin da suka ƙera da firinta mai fitar da abubuwa masu jiki, suka raɗa wa haɗin suna FrankenQuest. Wasu suka kwance Koss Porta Pro, hedifon da ke kasuwa tun 1984, suka maƙala lasifikokinsa a gefen gilashi. Kayan 1984 a jikin na'urar da ake tallata ta da sunan fasahar gobe, kuma ya yi aiki.

Valve ne ya tsaya ya yi wa lamarin tunani daga tushe. Injiniyar sautinsu, Emily Ridgway, ta fara gwajinta ne da ƙananan lasifikokin tebur guda biyu da ta liƙa da salatif a gefen hular kwano. Abin da ya fito daga wannan gwaji shi ne tsarin Valve Index na 2019: lasifika a kowane gefe tana rataye kusa da kunne, ba ta taɓa shi. Sautin yana zuwa daga waje ya bi ta fatar kunnenka, ƙwaƙwalwa sai ta fi yarda daga cikin ɗakin yake fitowa. Ba matsi, ba gumi, kana jin muryarka yadda ka saba jin ta. HP ya yi amfani da irin lasifikokin a Reverb G2 na 2020, Logitech kuma ya kawo salon ga masu Quest 2 a 2022 da Chorus, a kan dala 100.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Buɗaɗɗen tsari yana zubar da sauti, na kusa da kai yana jin duk abin da kake ji, hayaniyar waje kuma tana shigo maka. Iyafis mai toshe kunne ya fi ba da duma da sirri, amma ya raba ka da ɗakin gaba ɗaya: ido a rufe, kunne a toshe, hannuwa suna sara a iska. Yaro zai shigo ba ka sani ba, a yi sallama sau uku ba amsa, a kira sallah ya wuce ka. Kuma tunda sababbin gilasai irin Quest 3 da Vision Pro suna nuna maka ainihin ɗakinka ta kyamara su ɗora hotuna a kai, toshe kunne a irin wannan yanayi yana raba abin da ido ke gani da abin da kunne ke ji. Ni dai in ɗakin shiru ne, buɗaɗɗe zan zaɓa.

Babban hedifon mai rufe kunne ruf shi ne wanda mutane suka fi ɗauka don shi ke gida, shi ne kuma ya fi wahalarwa. Quest 3 gram 515 ne, yawancin nauyin a gaban fuska. Ƙara masa gram 300 na hedifon, ga bakansa yana karo da maɗauri, ga kofunansa suna hawa kan hannayen gilashin su ƙi zama. Mai karatu da ke Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da soso mai rufin fata ke yi wa kunne bayan minti ashirin na tsalle-tsalle.

Makirfo ba ya buƙatar dogon zance. Na jikin yawancin gilasai ya wadatar don hira a dandali irin VRChat, sai dai da buɗaɗɗiyar lasifika in an ƙure murya, abokan hira za su riƙa jin muryarsu tana dawo musu. Rigunan jijjiga na kamfanoni irin bHaptics da Woojer kuma suna mayar da duma abin da ƙirji ke ji. Suna da daɗi, amma su ne na ƙarshe a layin abin da ya cancanci kuɗin mutum.

Wanda ya cancanci a tsaya a kansa shi ne lafiyar ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya iyakar sauraro ga baligi a desibel 80 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) na tsawon awa 40 a mako, ga yara kuma desibel 75. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, a desibel 90 abin da ya rage awa 4 ne kacal a mako. Hukumar ta ƙiyasta matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda yadda suke sauraro. VR yana da nasa tarkon: hankali ya tafi wata duniya, ba ka ganin ma'aunin murya, ba ka ganin agogo. Inda janareta ke ruri a bayan taga ko fanka ke kaɗawa a sama, mai buɗaɗɗiyar lasifika zai yi ta ƙara murya don ya rinjayi hayaniyar, ba tare da ya san ya wuce iyaka ba. A irin wannan ɗaki zaɓin da na faɗa a baya ya juye: iyafis mai toshe kunne, da murya ƙasa-ƙasa, shi ya fi aminci, muddin akwai wanda ke kula da ƙofa.

Mai shirin saka VR a shagon gem yana da nasa lissafin daban. Iyafis da ake cusawa a rami ba abin da za a yi ta miƙawa daga kunne zuwa kunne ba ne, ƙazanta da ciwon kunne za su bi shi. Lasifikar da ba ta taɓa kunne ta fi tsabta, amma shago wurin hayaniya ne, ihun masu buga ƙwallo a talabijin ɗin gefe zai danne ta. Abin da ya fi dacewa da irin wannan wuri shi ne hedifon mai zama a kan kunne wanda aka maƙale a jikin maɗauri, da soso mai rufin roba da za a iya gogewa bayan kowane kwastoma, da wasu sosunan a ajiye don canji, tunda su ne ke fara yagewa.